Birkin Dattijo Yana Hagu

"Kaka, in ka mutu wa za a ba Dattijo?"

Uwar yarinyar tana bakin ƙofar gareji, riƙe da faranti da kofunan shayi biyu, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Lauya ake ce wa 'yar tata, shekararta shida, kuma kakan ne da kansa ya laƙaba mata sunan saboda ba ta barin magana ta wuce ba ta bi ta da tambaya ba. Yau kuwa a gaban baƙo ta yi, domin Mai Walda, abokin Kaka tun suna samari, yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana dariya har da buga cinya.

"Ke, wuce ciki," in ji uwar.

"Ƙyale ta, Amarya," in ji Kaka. Shekara bakwai da aurenta da ɗansa, har yanzu Amarya yake ce mata. Bai ko ɗaga kai daga tankin da yake gogewa ba. "Ka ji matar da nake ciyarwa. Ban mutu ba ta fara rabon gado."

"To wa za a ba?"

"Ubanki. In ya yi hankali."

Dattijo babur ne. Shi ne babba a cikin tsofaffin babura shida da Kaka ya tara a garejin gidan, kowanne a tsaye a kan guntun darduma, da tire a ƙarƙashinsa yana tarar baƙin man da ke ɗiga. Motar gidan a waje take kwana, rana da ruwa duk nata ne. Kaka ya yi aikin raba wasiƙu a ƙuruciyarsa, a kan Dattijo ya yi shi, da ya bar aikin kuma ya ƙi rabuwa da shi. Sauran biyar ɗin daga baya ya tsinto su. Wani a bayan gidan wata gwauruwa ya same shi, kaji na yin ƙwai a kan kujerarsa. Wani a buhu uku aka kawo shi, shi da Mai Walda suka yi shekaru suna neman ƙusoshinsa. Akwai mai giyar hannu a gefen tanki, akwai wanda bel ne ke juya tayarsa ba sarƙa ba. In Kaka ya fara ba da tarihinsu shayi sai ya huce, a ɗumama, ya sake hucewa.

Amarya ba ta da wata damuwa da baburan. Suna hana tsohon zaman banza, kuma tun da ta hana Lauya taɓa salansar babur da gwangwanayen fetur, yarinyar ba ta taɓa ba. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mata a wuya.

"Zo nan, buɗe baki," Kaka ya ce da Lauya. Ya sa yatsa ya taɓa haƙorinta na gaba, haƙorin ya yi lilo. "Ka gani? An kusa. Ranar da ya fita, ranar za ki hau Dattijo."

Ƙa'idar gidan ce, Kaka ne ya ƙirƙiro ta. Duk ɗan da ya fara famfara, a ranar za a ɗora shi a kan tankin Dattijo a kai shi ƙarshen layi a dawo. An yi wa mijinta, an yi wa ƙannensa, an yi wa jikoki uku na gidan yayarsa. Hotunan suna jere a bangon falo, yara masu giɓi suna washe baki, Kaka a bayansu da gashi baƙi, sannan da furfura.

"Amma Baba," ta ce, tana ajiye farantin a kan benci, "gwiwarka fa?"

"Gwiwa ta yi ritaya. Ko tada shi ba na iyawa yanzu. Mijinki ne zai ja, ai shi ya sa na ce in ya yi hankali." Ya juya wajen Mai Walda. "Sai na koya masa tukuna. Yaran yanzu sun saba da na zamani. Wannan kuwa giyarsa a dama take, birki a hagu."

"A hagu?" in ji Amarya.

"A hagu. Zamaninsu kowane kamfani yadda ya ga dama yake ƙerawa. Daga baya ne aka daidaita, birki ya koma ƙafar dama, giya ta koma hagu. Dattijo ya riga wannan zuwa duniya."

"Na hannun fa? Ba shi da birkin hannu?"

Mai Walda ya kurɓi shayi. "Yana da shi. Gaisuwa kawai yake yi da taya, ba ya riƙe ta."

Suka yi dariya su biyu. Ita ba ta yi ba. Ta kama hannun Lauya suka koma ciki.

Amarya tela ce, a ɗakin da ke kusa da kicin take ɗinki. Shekaru ta yi tana taka keken ƙafa kafin ta samu mai lantarki, kuma a makon farko da ta same shi, an nuna mata, ta gane, ta iya bayaninsa ma ga wani. Amma ranar da zare ya sarƙe ta so tsayawa, ƙafarta ta danna yadda ta saba danna tsohon keken, allura ta bi ta farcen yatsarta ta fito ta ƙasa. Farcen har yau a karkace yake fitowa. Shi ta zauna tana kallo, rigar makarantar da take ɗinkawa tana kan cinyarta.

Mijinta mai gyaran firij ne. Ya fi shekara goma yana yawon gari a kan babur na zamani, jakar kayan aiki a baya, daga wannan gida zuwa wancan shago. Da safe, yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa, ta tare shi.

"Baban Lauya, maganar hawan nan."

"Baba ya gaya mini. Zan ɗan gwada shi da yamma."

"Birkinsa a hagu yake."

"Na sani mana. A kansa na girma."

"A kan tankinsa ka girma. Ka taɓa jansa?"

"Wa Baba yake bari ya ja? Amma babur ai babur ne. Ni da nake ratsa kasuwa da injin firij a bayana, layin gidanmu ne zai gagare ni?"

"Kanka ya sani. Ƙafarka nake tambaya."

Ya ɗago ya dube ta, yana murmushi. "Maman Lauya, ƙafar tawa ce fa, ba aro na yi ba."

"In yaro ya faɗo hanya, kai za ta tsaya ta tambaya?"

"To me kike so? In je in ce wa Baba jikarsa ba za ta hau ba? Kowa ya hau sai 'yata? Ke je ki faɗa masa, ni ba ni da wannan bakin."

Ita ma ba ta da shi. Tsohon bai taɓa ɓata mata ba. Ranar da ta haihu shi ya zauna a bencin asibiti har aka ce masa an sauka, kuma keken lantarkin ma shi ya je ya ɗauko mata. Ga Lauya kuma, tun jiya take girgiza haƙorin da harshe don ya yi sauri. Amarya ta san in ta ce a'a kawai, za a ce tsoron mata ne, a lallashe ta, a ɗora yarinyar tana ji tana gani.

Da yamma mijin ya gwada. Sai da ya yi gumi kafin Dattijo ya tashi, da ya tashi kuwa tagogin layin suka amsa. Ya je ƙarshen layi ya dawo, ya sake zuwa, yana faɗa da ƙarfi don Kaka ya ji, "Birki hagu, giya dama." Ya tsaya daidai ƙofar gareji ba ko gargada. Kaka ya gyaɗa kai.

"Kin gani?" mijin ya ce mata.

"Na gani."

Ta gani ɗin. Ta kuma ga cewa layin ba kowa, kuma tun daga nesa yake shirya ƙafarsa kamar mai shirin tsallake kwata.

Washegari ta ajiye ɗinkin mutane. Ta ɗauko wani yadi mai kauri ta ɗinka buhu dogo, ta cika shi da yashin da ya rage daga gyaran katanga, ta cusa ƙyallaye a sama. Ba ta nemi sikeli ba. Ta goya buhun, ta sauke, ta goya Lauya, ta sauke, ta ƙara yashi, har bayanta ya ce mata sun yi daidai. Lauya ta ɗauko alli ta zana masa ido da baki, ta bar giɓi a haƙoran. Ta kawo tsohuwar rigarta aka sa masa, da 'yar hular kwanon da aka saya mata don ranar.

Da suka fito da shi Mai Walda ya kusa ƙwarewa. "Amarya, yaushe aka yi wa Lauya ƙanwa ba a gaya mana ba?"

"Baba," ta ce, ta ɗan rusuna, "alfarma nake nema. Kafin a ɗora Lauya, a fara ɗora wannan. In ya je ya dawo lafiya, ba zan sake cewa komai ba, ni zan ɗora ta da hannuna."

Kaka ya dubi buhun, ya dube ta. "Shekara nawa ina ɗora yara, ban taɓa yar da ko ɗaya ba."

"Kai ne kake ja, Baba. Ƙafarka a kansa ta koya."

Maganar ta yi masa daɗi kuma ba ta yi masa daɗi ba. "To. A ɗora."

"Da sauran abu ɗaya," ta ce, ta juya wajen mijinta. "Zan jefo wani abu a hanya. Ba zan gaya maka yaushe ba."

"Jarrabawa ke nan."

"Kira shi yadda kake so. A hankali za ka tafi, kamar yadda za ka tafi da ita."

"Jefo duk abin da kika ga dama," ya ce, yana gyara hularsa. "In na ci, ke za ki wanke mini babur wata guda."

Layin nasu gajere ne, ƙarshensa a toshe yake da katangar makaranta, kwata ta siminti tana bin gefe ɗaya. Ta sa Mai Walda ya tsaya a bakin layi ya tare duk mai shigowa. Ta zaunar da Lauya a kan dakali kusa da Kaka, ta ce in ta sauko ba hawa har abada. Ita kuma ta tsaya a bayan motar gidan, ƙwallon roba na Lauya a ƙarƙashin mayafinta.

Aka zaunar da buhun a kan tanki, tsakanin hannayen mijin, yadda ake zaunar da yaran. Ya tafi. Ya dawo yana kallon motar, ƙafarsa ta hagu a ɗage a kan birki, a shirye. Ba ta jefa ba. Ya sake zagayawa, ya wuce ta yana ɗaga mata gira. Ba ta jefa ba. Ta ma fara tunanin ta bar abin. Mijinta ne a kai, ba buhu kaɗai ba, kuma in wani abu ya same shi ita ce. Amma ta dubi rigar da ke jikin buhun, rigar da ta ɗinka da hannunta, ta tsaya.

A zagaye na gaba kafaɗunsa sun sauka. Ya daina kallon motar. Lauya ta miƙe a kan dakali tana ɗaga hannu, shi ma ya juya yana yi mata dariya, kamar yadda kowane uba zai yi. Nan Amarya ta gangaro da ƙwallon.

Ba gudu yake yi ba, mai sassarfa ma zai iya bin sa. Ya ga abu ya fito daga bayan mota, ƙafarsa ta dama ta sauka da ƙarfi inda ta saba samun birki. Giya ta samu. Dattijo ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a tukunya, ya zabura, mijin ya damƙe na hannu, na hannun ya yi gaisuwarsa. Kan babur ya karkace. Tayar gaba ta daki bakin kwata, buhun ya tashi ta saman fitila, babur ya kwanta a gefe da mai jansa, injin ya yi tari ya mutu.

Amarya ce ta fara isa wajensa. Ya riga ya zare ƙafarsa, gwiwar hannunsa ta goge tana jini, wandonsa ya yage. Ta taɓa kansa, ta taɓa kafaɗarsa, ta sa ya motsa yatsunsa.

"Lafiyata ƙalau," ya ce. Ba ita yake kallo ba.

Buhun yana kwance rabi a cikin kwata. Daidai inda Lauya ta zana fuska ya daki gefen simintin ya fashe, yashi yana zuba a hankali cikin ruwan. Hular kwanon ta gangara can gaba ita kaɗai.

"Baba ya yar da ita," Lauya ta faɗa daga kan dakali. Ba ta sauko ba.

Kaka ya taso yana ɗingishi. Wajen babur ya fara zuwa. Gilashin fitilar ya tarwatse, tankin ya loɓa a gefe. Ya sunkuya da ƙyar ya tsinci wani guntun gilashi mai ɗauke da tambarin kamfanin, ya juya shi a tafin hannunsa.

"Tare suka fito daga masana'anta," ya ce. "An daina yin irinsa tun kafin a haife ki."

"Na sani, Baba. Ka yi haƙuri."

"Kin sani kika yi."

"Ban san shi zai fashe ba. Na dai ji tsoron wani abu zai fashe."

Sai a lokacin ya dubi kwatar. Ya daɗe yana kallo. Bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi laifi ba. Ya sa gilashin a aljihu ya ce da Mai Walda, "Zo mu ɗaga shi, mai yana zuba."

Amarya tana wanke wa mijin ciwon a tsakar gida, yana ta cije baki, ya ce, "Da na ƙara mako ɗaya ina koyo da ban yi haka ba."

Mai Walda, da ya shigo neman ruwan wanke hannu, ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna musu wani tsohon tabo mai tsawo a ƙwaurinsa. "Ni nawa mako nawa ne? Na fi shekara talatin ina hawa iri biyun. Da safe na zamani, da yamma tsoho. Duk mai tara irin waɗannan ka sa ya naɗe wando, za ka gani. Babanka ne kaɗai ya tsira, don shi bai taɓa yarda ya hau na zamani ba."

"To me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?" in ji Amarya.

"Wa ya tambaye ni? Kuma ni na ɗauka kowa sai ya samu nasa."

Ta matse audugar da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya, mijin ya ja numfashi.

Kaka ya yi kwanaki ba ya kiranta Amarya. Maman Lauya yake cewa, a taƙaice, in ya karɓi shayi. Ya rufe fitilar Dattijo da wani tsumma ya ɗaure da igiya. Ta ji ciwon abin, amma ba ta je ta sake ba da haƙuri ba, domin haƙurin gilashi ta riga ta bayar, na sauran kuwa ba ta da shi.

Haƙorin ya fita ranar wata Asabar, a cikin burodi. Lauya ta ruga gareji da shi a hannu, uwar na biye da ita. Kaka ya karɓa ya duba kamar mai duba ƙusa, ya sa aka kira ɗansa da Mai Walda. Da kansa ya rufe famfon fetur, ya zare wayar filogi ya sa a aljihu.

"Amarya, ɗora ta. Ke kika ce da hannunki."

Ta ɗora ta a kan tanki, ta ɗaure mata hula, ta riƙe ƙugunta. Mijin ya kama kan babur ta dama, Mai Walda ya dafa ta baya, suka tura. Haka suka bi layin, manya uku da yarinya ɗaya, Kaka yana biye da sandarsa yana ba da umarni, maƙwabta suna leƙowa ta taga.

"Wannan ai ba hawa ba ne," in ji Lauya. "Turi ne."

"Ke da kika samu direbobi uku," in ji Kaka. "Ubanki ɗaya ya samu. Buɗe baki a ɗauki hoto."

Sun kai katangar makaranta sun dawo. Mai Walda ya zauna a kan tayarsa yana haki, yana cewa a nemo masa ruwa kafin a yi rabon nasa gadon.

Ke mai karatu, ko kai, in akwai tsohon babur a gidanku, ko a wajen taron masu tara su, aka ce a ɗora ɗanku a ɗan zaga da shi, ku sunkuya ku duba ƙafar da birki yake, sannan ku tambayi mai jan wane babur ya hau jiya. In amsoshin biyu ba su zo ɗaya ba, ku sauke yaron, ko da mai jan ubansa ne, ko da za a yi fushi da ku. Kada ku yarda da "na sani". A kashe injin a tura, ko a ɗauki hoton a tsaye.